Makwancin Icce

Shekara talatin da wani abu muna katanga ɗaya da Mode masassaƙi a Ƙofar Kware, ni ina fawa, shi yana sassaƙa turame, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya zauna unguwar a wancan zamani ya san ƙarar gizagonsa kafin ya san fuskarsa. Da gari ya waye zai fito ƙofar gida ya kafa gungume tsakanin ƙafafunsa, ba zai ɗaga kai ba sai rana ta take tsaka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa kuwa sai ka roƙa. Ni Allah ya yi ni da surutu, saboda haka muka dace: ina zuba, yana sara.

Icce kam ya san shi. Zai ƙwanƙwasa gungume da bayan gatari sau biyu ya ce maka akwai rami a ciki, a fasa a tarar da ramin. Turminsa na ƙirya uwa kan daka a ciki har ta tsufa ta bar wa 'yarta. Sai dai taurin kai, nan Mode ya fi ƙiryar, kuma na sha faɗa masa haka a gaban idonsa.

'Ya'ya biyu Allah ya bar musu shi da matarsa Iyatu, sauran duk sun koma tun suna goye. Lawwali ne babba, sai Hauwa'u da ta zo can baya. Lawwali ya zama saurayi, har an fara maganar aurensa, sai wata damina ya shiga jirgin fito zai haye gulbi ya duba shinkafarsu a fadamar Kwalkwalawa. Jirgin ya kife a tsakiyar ruwa. Mutum bakwai ne a ciki, shida suka fita. Mai jirgin sunansa Tambari, Basarke ne, cikin mutanen nan da ruwa ne gonarsu tun kaka da kakanni. Shi da 'ya'yansa ke riƙe da mashiginmu, in ba nan ba babu wani fito sai ka yi tafiyar yini guda. Kwana biyu Tambari yana nutso kafin ya fito da gawar da hannunsa. Wannan bai sanyaya zuciyar Mode ba. A bakin kabari, gaban jama'a, ya rantse da Allah cewa shi da duk wanda ya fito daga gidansa ba mai sake sa ƙafa a jirgin Tambari.

Malamin unguwa ya same shi daga baya, ya ce rantsuwa irin wannan tana da kaffara, ya ciyar da miskinai goma a wuce wurin. Mode ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya koma kan gungumensa. Gonar shinkafar ya bar wa wani ɗan'uwansa. Shekara goma sha ɗaya, in damina ta sauka, duniyar gidan Mode a bakin gulbi take ƙarewa.

Sai ga auren Hauwa'u ya taso. Mijin ɗan ƙanen Iyatu ne, manomi a Kwalkwalawa, tun suna ƙanana suke son juna, ba wanda ya ga abin ƙi. Da rani aka kai amarya, lokacin da gulbin nan namu ko akuya tana haye shi ba ta jiƙa ciki ba. Muka yi ta murna, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin damina. Ni ma da nake ganin ina da wayo ban yi ba.

Bazara na kamawa labari ya zo Hauwa'u na da ciki. Iyatu ta zauna ta ƙirga watanni da yatsunta. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, kowa ya sani. In ciki ya shiga wata bakwai a ɗauko yarinya, ta haihu a ɗakin uwarta, uwar ta yi mata wankan jego. To watan bakwai ɗin Hauwa'u a tsakiyar malka zai faɗo, sa'ad da ruwa ke kwana yana zuba, gulbi ya haɗe da fadama har ba ka gane mutum a ƙetare. Iyatu ta taka da ƙafarta ta roƙi surukai su sako yarinyar tun ruwa bai zo ba. Suka ce al'ada wata bakwai ce, ga noma na tafe, wa zai dafa wa masu gona abinci? Ta dawo ta shiga ɗaki, aka jiyo kukanta har gidana. Matar da ta binne 'ya'ya shida, ga guda ɗaya tak da ta rage za ta yi naƙuda a hannun wasu.

Kwana uku bayan haka Mode ya same ni ina wasa wuƙa.

Ya ce, "Attahiru, jirgi za ni yi."

Na ce, "Jirgin mi?"

"Na ruwa."

"Kai da ko kududduhi ba ka taɓa shiga ba? Haba Mode. Ka ciyar da mutum goma mana, naman na kaina."

Ya ce, "Icce na. Abin da anka rarake ya riƙe hatsi, shina riƙe mutum."

Na yi dariya har wuƙa ta kusa yanka ni. Shi ko murmushi bai yi ba, na gane da gaske yake.

A zaɓen icce ban ga inda ya kuskure ba, kuma na bi shi sawu da ƙafa, don ba na iya ganin abu na faruwa in zauna gida. Ƙirya, wadda ya fi sani, ya ture ta tun farko, ya ce in an jefa ta ruwa ƙasa take nema. Muka tsaya ƙarƙashin wani rimi, ya soka wuƙa ta shige kamar a kabewa. Ya ce sauƙin sara gare shi, amma yana shan ruwa, damina biyu ya ruɓe. Giginya doguwa ce miƙaƙƙiya, na nuna masa ita ina jin na yi dabara, ya ce siririya ce kuma tana tsagewa bisa tsawo, a bar wa masu azara. Abin da ya rage maɗaci. Ƙasarmu kuwa ba ƙasar manyan itatuwa ba ce. Tun da aka gina ganuwar birni gatari ke cin na kusa, wanda ya isa jirgi sai an sha daji. Guda ɗaya Mode ya sani, a gefen gonarsa ta gero, bakin gangaren da ke sauka fadama. Babansa ya tarar da shi a nan. A inuwarsa gidan ke cin abincin rana duk damina, shi ya sa shekara da shekaru ana taya shi yana hanawa.

Ya zagaya shi sau uku yana ƙwanƙwasawa, kunnensa manne da ɓawo. Sannan ya ce bisimilla ya kafa gatari. Yini biyu muka yi da taimakon mutanen unguwa kafin ya faɗi, kuma da ya faɗi Mode ya juya baya ya daɗe yana kallon wani wuri.

Gindin yana da gwiwa a tsakiya, inda iccen ya karkata ya bi gangare, saboda haka ba zai ba da jirgi guda miƙaƙƙe ba. Wannan bai dame shi ba. Yawancin jiragen gulbinmu biyu-biyu ne: a rarake gungume biyu, a haɗa bakinsu a tsakiya, a ɗinke da igiya, a toshe ɗinkin. Ya yanke shi a gwiwar, ya sami gungume biyu kowanne kamu shida. Na aro takarkarai huɗu wurin masu kawo mini shanu, muka ja su har ƙofar gidansa, yara na bin mu da ihu.

Daga nan aiki ya koma wanda ya iya. Ya ɓare ɓawon, matan unguwa suka yi ta zuwa da ƙorai suna kwasa, don ɓawon maɗaci maganin ciki ne, ɗacinsa kuwa sai wanda ya sha. Ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe bakin gungumen duka huɗu, kada zafin bazara ya busar da su da gaggawa su tsage. Ya ɗora su bisa duwatsu saboda gara, ya yi musu rumfar zana. Safe da yamma yana yayyafa musu ruwa. Iyatu ta taɓa ce wa matata ita tun da ta zo gidan ba a taɓa kula da ita haka ba.

Igiyar ɗinki ma sai da ya yi mata shari'a. Ya tufka iri uku, ta rama, ta ɓawon kuka, da ta kaba, ya jefa su cikin tsohuwar randa ya cika ta da ruwa. Ni kuma na kawo masa tsirkiyar fatar shanu, wadda na yanka da hannuna, ina cewa ga abin da ya fi su duka ƙarfi. Bai musa ba, ya jefa ta ciki. Bayan kwana goma muka zuba hannu. Ta rama ta yi yauƙi tana wari. Ta kuka ta riƙe amma ta fara sakin gashi. Tawa ta miƙe ta yi laushi kamar hanji, ya ɗaga ta sama ya miƙo mini. Ta kaba ce ta kumbura ta ƙara tauri. Ya ajiye kaba, ya sa Iyatu ta tara masa tsummoki da auduga, ya sayi man kaɗe, wato na kaɗanya, tulu guda don toshe ɗinki.

A cikin waɗannan kwanaki ne na yi abin da har yau in na tuna nakan ji kunya.

Wata ranar kasuwa ina tsaye bakin rumfata sai ga Tambari. Ya tsufa ƙwarai, gashin kansa fari fat. Basarke mai kifi a gida me zai yi da nama? Ya taya ƙafar saniya, ya juya ta, ya ajiye, na ga dai ba ita ta kawo shi ba. Can ya rage murya ya ce, "Attahiru, na ji maƙwabcinka ya kada maɗaci."

Na ce, "Ya kada. Nai na."

Ya ce, "To ka hwaɗa mai, don Allah, tun bai sa gizago ba, shi nemi makwanci tukuna."

Jinina ya hau. Mu a wurinmu makwanci ɗaya muka sani, wanda ake roƙon Allah ya haskaka wa mamaci. Wato mutumin da ɗan Mode ya mutu a jirginsa ya tako har rumfata yana cewa Mode ya tanadi kabari kafin ya sassaƙa nasa! Da wuƙa a hannuna na yi kansa da faɗa. Na ce ba ka ji kunya ba, guda bai ishe ka ba? Yana cewa, "Tsaya, ba ka gane ba," ina ƙara ɗaga murya, don ni in na fara ba na jin kowa. Mutane suka taru. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya tafi. Na koma gida ina jin na yi wa abokina yaƙi, na kuma ƙudura ba zan gaya masa wannan mummunar magana ba, kada in tayar masa da tsohon ciwo.

Mode ya sa gizago. Ya duba gungume na farko ya zaɓi fuskar da ta fi santsi, wadda ta zauna daram a ƙasa, ya ce ita ce bayan jirgi, ya fara rarakewa daga sama. Wata guda cur yana aiki. Jan garin maɗaci ya rufe ƙofar gidansa, ya shiga gemunsa, ya shiga tuwonmu. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, kududdufin bayan unguwa ya fara cika. Abin da ya fito daga hannunsa kuwa ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ciki sumul, gefe da gefe kauri ɗaya, har masu wucewa na tsayawa su shafa.

Wata safiya da hantsi muna zaune, yana gyara baki, sai muka ji sallama. Tambari ne, tsaye nesa kaɗan, ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu. Shekara goma sha ɗaya bai bi ta wannan lungu ba. Ya yi sallama sau biyu gizago bai tsaya ba. A ta uku Mode ya amsa can ƙasan maƙoshi, don sallama ba a ƙin ta.

Ya ce, "Mi yak kawo ka?"

Tambari ya ajiye takalmansa. Ya je ya tsuguna a bakin gungume na biyu, wanda ba a taɓa ba, ya kankare lakar da farcensa har jan icce ya fito. Ya ɗora yatsa a kan cibiyar iccen, inda zoben shekaru ke taruwa.

Ya ce, "Mode, kai ka san icce, ka hi ni. Duba cibiyar ga. Tsaka take?"

Ba a tsaka take ba. Ta matsa gefe guda da kusan tafin hannu. Mode ya gani tun ranar da aka yanka, bai ɗauke shi komai ba, don turmi a tsaye yake aiki, ba ruwansa da gefen da ya fi nauyi.

Tambari ya ce, "Iccen da yat tashi bisa gangare, gehe guda ya hi guda nauyi. Bisa ƙasa ba ka gani. Ruwa ɗai ka gani. Mu kahin mu sa gizago sai mun tura gungume cikin ruwa, mu ƙyale shi shi juya shi juya har shi kwanta da kai nai. Inda yab ba ƙasa, nan na baya, inda yab ba sama, nan aka rarakewa. Shi muka ce ma makwanci. In ka rarake shi ba bisa makwanci nai ba, duk ran da yas samu dama sai ya koma inda yaka so. Na aiko a hwaɗa maka."

Mode ya juyo ya dube ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Ya aiko. Ni nir riƙe. Na ɗauka kabari yaka nuhi." Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba.

Mode ya mai da ido kan Tambari ya ce, "Mi yas sa za ni yarda da kai?"

Tsohon ya zauna dirshan a cikin garin icce.

"Don jirgin da yak kihe da Lawwali, ni nis sassaƙa shi. Damana ta matso, tsohon jirgi ya ruɓe, niy yi gaugawa, ban kai shi ruwa ba. Shekara biyu shina karkata hagu, ina gyara shi da zamana da gorata, ba wanda yas sani. Ran nan wata mata ta miƙe tsaye tsakar ruwa, shi ke nan. Kowa ya ce ƙaddara ta, kuma ƙaddara ta. Amma ni na san ƙohwar da tab bi tas shigo. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba, ko ɗiyana. Ka yi min abin da kag ga dama, Mode, amma kak ka sa ɗiyarka cikin wanga sai ruwa ya gan shi."

Gizago na hannun Mode. Na matsa kusa, don ban san abin da zai yi ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Can ya ajiye gizagon a ƙasa a hankali, ya miƙe ya ce mini, "Kira mutane."

Muka mirgina gungumen biyu zuwa kududdufi. Aka fara tura rarakakken. Ya shiga ruwa ya zauna kyakkyawa kamar numfashi uku, har na buɗe baki zan yi magana, sai ya fara sunkuyar da gefe guda a hankali har bakinsa ya kusa shan ruwa. Mode ya kutsa ciki da wandonsa, ruwa iya ƙugu, ya daidaita shi ya saki. Gungumen ya sake karkata. Ya sake daidaitawa ya saki, ya koma. Sau uku. Ba wanda ya yi dariya, ko ni.

Aka tura na biyu. Ya nutse kusan duka, ya mirgina sau ɗaya, ya yi rabin mirgine ya dawo, sannan ya tsaya cik. Tambari ya shiga ya tsaga layi da wuƙa bisa tsawon abin da ya fito sama. Fuskar da Mode ya yi niyyar mayarwa gefen jirgi ce.

Na tambaya ko ba a iya gyara na farkon, don laifin na cin raina. Tambari ya ce sai an fefe gefen mai nauyi har ya koma kamar ƙwarya, kututture ɗaya ya taɓa shi ya fashe. In kuwa an ɗinke shi da mai lafiya, zai ja mai lafiyar su tafi tare. Aikin wata guda ya tashi a banza, ya ƙare a matsayin kwamin shayar da shanu a mahauta. Abin da ya rage gungume ɗaya, kamu shida. Jirgi zai fito a ciki, amma na mutum biyu, mai tuƙi da wanda aka ɗauko.

Kwana ashirin da biyu suka yi a kansa. Kullum da safe Tambari zai zo ya tsuguna gefe, Mode na sara. Ban ji sun gaisa da ya wuce sallama ba. Maganarsu duka ta icce ce. Tambari zai sa tafi ɗaya ciki ɗaya waje, ya shafa ya ce, "Rage nan." Mode ya so ya bar gindin da kauri irin na turmi, Tambari ya ce yatsa uku ya isa, gefe yatsa biyu. Suka ja, Mode ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya ce akwai jijiya a nan, huɗu za a bari. Tsohon ya ƙwanƙwasa shi ma, ya ce, "Gaskiyarka." A goshin jirgin wata tsaga ta fito, tsawon taƙi guda. Suka huda gefe da gefe da ƙarfen da aka gasa ya yi ja, suka ɗinke da igiyar kaba, suka cusa auduga da man kaɗe. Ni aikina kai musu ruwan sha da rufe bakina, na biyun ya fi ba ni wuya. A kwana na goma Iyatu ta aiko da fura ƙwarya biyu. Mode ya ga ta biyun, bai ce a mayar ba.

Da aka sa shi a kududdufi ya zauna daidai, ka tura shi ta ko'ina ya dawo. Mode ya sassaƙa filafili, abin tuƙa jirgi, ya shiga zai koyi tuƙi. Jama'a, na ga abin dariya a rayuwata, amma ban ga kamar wannan ba. Mutumin da gizago ke bi kamar yatsansa, ga shi yana zagaya wuri ɗaya, ya tuƙa dama jirgi ya yi hagu, mata masu wanki sun riƙe ciki. Kwana bakwai yana fama. A na bakwai ya iya kai shi daga wannan baki zuwa wancan, a ruwan da ba ya motsi, wanda faɗinsa bai fi jifa ɗaya ba. Tambari na tsaye yana kallo, bai yi tayi ba.

Malka ta kama. Saƙo ya zo ta bakin masu fito cewa cikin ya shiga wata bakwai, surukai sun shirya, a zo a ɗauka. Ranar da aka sa, muka ɗauki jirgin a kafaɗa mu takwas, muka fita ta Ƙofar Kware muka gangara. Iyatu na biye da mu cikin lulluɓi. Da muka iso muka tarar gulbin ya cika maƙil. Ja wur yake, yana tafe da rassa da tarkacen zana, yana murɗawa a tsakiya. Bukkokin ƙetare sun zama ƙanana.

Aka sa jirgi a ruwa. Mode ya tsaya a bakinsa da filafili a hannu, yana kallon tsakiyar gulbin, daidai wurin da kowa a cikinmu ya san me ya faru. Na san lissafin da yake yi, don ni ma shi nake yi. Wuri biyu ne a jirgin. Ɗaya na Hauwa'u. Rantsuwa ba ta hana komai a nan ba, jirgin nasa ne, daga gonarsa, da gizagonsa. Abin da ke gabansa ya fi rantsuwa nauyi: ko ya shiga da hannunsa na kwana bakwai, ko ya miƙa 'yarsa ga hannun da ya sakar masa ɗa. Na so in yi magana, Allah ya taimake ni na yi shiru.

Tambari na can gefe wajen nasa jiragen, ya ba mu baya yana warware wata igiya da ba ta buƙatar warwara. Mode ya taka har inda yake. Ya miƙa masa filafilin da hannu biyu.

Ya ce, "Ita ɗai tar rage min, Tambari."

Tsohon ya karɓa ya ce, "Na sani."

Ɗansa babba ya matso ya ce, "Baba, bari in tahi, ruwan ga da ƙarhi." Tambari ya girgiza kai, ya shiga, ya yi bisimilla ya tura.

Bai nufi ƙetare kai tsaye ba. Ya bi gaɓa ya haura sama sosai, sannan ya ba ruwa goshi ya bar shi ya gangaro da shi. Muka ga ya isa. Aka daɗe. Sannan muka hango an riƙo wata an zaunar da ita, jirgin ya rabu da gaɓa. Iyatu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska, tana karanta duk abin da ta sani. Mode bai san ya shiga ruwa ba. Na gan shi iya gwiwa, na sake dubawa ya kai ƙugu, sai na bi shi na riƙe masa riga. A tsakiya wani reshe ya zo musu, jirgin ya ba da gefe, na ji numfashin Mode ya tsaya. Jirgin ya dawo ya zauna daidai.

Da goshin jirgin ya iso, Mode ne ya cafke shi. Hauwa'u ta fito da ƙyar tana dariya tana kuka, uwarta ta rungume ta, mata suka yi sama da ita. Mutane suka yi ta barka, hankalin kowa ya bi su.

Ni na waiwaya. Tambari na zaune a jirgin bai motsa ba, filafili a kan cinyarsa. Mutumin da ya haye gulbin nan sau dubu nawa, ya dafa gefe zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Ya sake gwadawa suka ƙi. Hawaye na bin gemunsa, yana ta cewa a hankali, "Ta hita. Ta hita." Mode na riƙe da goshin jirgin yana kallonsa. Sai ya ce mini in riƙe, ya zagaya ta gefe cikin ruwa, ya sa hannu ƙarƙashin hammatar tsohon ya ɗago shi. Ya ɗauke shi cak har bisa tudu, ya zaunar da shi, ya zauna kusa da shi da jiƙaƙƙen wandonsa. Har na ɗaure jirgin na hau, suna nan zaune tare.